Yadda Lissafin Autata Ya Tashe Ni Daga Shataletale

Shugaban wannan taro, shugaban hukumar kula da hanyoyi wanda har gobe shi ne ogana, malaman jami'a da suka cika kujerun gaba, shugaban ƙungiyar direbobi da jama'arsa, masu babura da suka tsaya a bakin ƙofa don kada fita ta yi musu wuya, iyayena mata, 'yan'uwana ma'aikata, da sauran jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro, ina kuma yaba ƙarfin halinsu, domin mutumin da ya shekara ashirin da takwas yana ba motoci hannu a titi, yana magana da usur, shi suka miƙa wa lasifika. Idan kuka ga na ɗaga hannu, kowa ya ci gaba da zamansa, sabo ne kawai.

An tara mu ne don ƙaddamar da sabon tsarin da ke hasashen cunkoson motoci da wuraren da ake fargabar hatsari, aka ce in yi magana a matsayin wanda ya amfana. To, gaskiyar ita ce ni ne mutum na farko da wannan tsari ya tayar daga wurin aikinsa, kuma wadda ta ƙera shi 'yar cikina ce, autata, ga ta can tana sunkuyar da kai. Maganata uku ce.

Ta farko, me wannan abu yake yi? Shekara guda Auta da abokan aikinta suka yi suna kafa kyamarori, suna ƙirga motoci, suna rubuta lokaci, da ranar ruwa, da ranar kasuwa, da lokacin tashi daga makaranta, suna zuba wa kwamfuta. Rannan na ce bari in gwada ta.

Na ce, "Auta, gobe za a cushe a shataletale ko ba za a cushe ba?"

Ta ce, "Kashi saba'in cikin ɗari, Baba."

Na ce, "I ko a'a na tambaye ki."

Ta ce, "Baba, in aka tara safiya goma irin ta gobe, bakwai za a cushe, uku hanya za ta tafi sumul. Ko gobe wacce ce a cikinsu, Allah kaɗai ya sani."

Na ce mata a wannan na ƙarshen dai bakinmu ɗaya. Amma daga baya na gane amfanin abin, domin wanda ya san bakwai cikin goma zai tanadi ma'aikata, zai gyara danja, zai gaya wa motar asibiti ta sake hanya tun kafin ta maƙale. Illarsa ɗaya ce, ya shigo mini gida. Yanzu in na ce wa mahaifiyarta zan dawo da wuri, sai ta ce, "Kashi nawa cikin ɗari?"

Ta biyu, ita ce mai ciwon. Wata ranar hutu da hantsi Auta ta zo da kwamfutarta, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, tana ta murza bakin mayafi. Ta ce lissafi ya nuna wani abu a shataletalen kasuwa, wato wurina. Wasu ranaku yiwuwar cunkoso takan kai tamanin cikin ɗari, wasu ranaku ta faɗo talatin. Sun zargi ruwan sama, ruwa ya kuɓuta. Sun zargi ranar kasuwa, kasuwa ta kuɓuta. Sai wani cikinsu ya ɗauko jadawalin ma'aikata, aka ga ranakun talatin ɗin su ne ranakun hutuna, da mako biyun da na yi kwance da zazzaɓi.

Jama'a, na yi faɗa. Na ce ni da na koya wa rabin ma'aikatan garin nan ba da hannu, ni kwamfuta za ta yi wa ƙazafi? Auta ta kunna mini hoton kyamara. Sai ga ni tsaye da farar safar hannuna, kowace mota ta zo sai direba ya sauke gilashi ya ce, "Baba Mai Usur, an tashi lafiya?" Ni kuma da aka yi mini tarbiyya sai in amsa, in tambayi iyali, in tambayi ƙafar tsohuwarsa, in ce a gaishe da mai jego. Sun auna, gaisuwa ɗaya daƙiƙa bakwai, kuma a safiya guda nakan amsa kusan ɗari shida. Fiye da awa ɗaya ke nan nake cinye wa garin nan kullum da "ya gida, ya yara".

Na ce zan gyara. Mako guda na yi ina ɗaure fuska, in an gaishe ni in kau da kai. Sai direbobi suka koma tsayawa cak, wasu har da kashe mota, suna cewa, "Baba, lafiya? Wa ya rasu?" Shugaban direbobi ga shi nan, shi da kansa ya fito ya rungume ni a tsakiyar titi. A makon nan lissafi ya haura casa'in.

Kuna dariya, amma ni tsoro ne ya kama ni. Rahoton zai je gaban ogana, kuma na san ƙarshen zancen, a ba ni kujera a ofis in zauna ina gadin fanka har in yi ritaya. Auta ta ce, "Baba, ina iya cire wannan shafin." Kwana uku ina juya maganar. A na huɗu na ce ta bar shi, domin ban kai ta makaranta don ta riƙa ɓoye gaskiya ba, ko da gaskiyar a kaina ta faɗo.

Ta uku, ita ce dalilin tsayuwata a nan. Ashe akwai shafi na gaba. A shataletalena, shekara ashirin da takwas ba a taɓa rasa rai ba, don ba mai samun damar gudu. Amma gaba kaɗan akwai ƙofar makarantar firamare, kuma duk direban da ya kuɓuta daga gaisuwata sai ya take mota don ya rama lokacin da na ci masa. Lissafi ya nuna duk yankin babu inda ya kai ƙofar nan hatsari da safe. Ɗalibai huɗu aka buge a shekara biyu. Ɗaya daga cikinsu ni na ruga na ɗauke ta da hannuwan nan, har yau da sanda take tafiya. Na zagi direban, na zagi gaggawar mutanen zamani, amma ban taɓa kawo wa raina cewa da hannuna a ciki ba. Ranar da na gani, na yi kuka a gaban 'yata.

Ita ce ta rubuta a ƙarshen rahoton cewa mutumin da ke sa motoci rage gudu, a kai shi inda ake so su rage. Oga ya karanta, ya sa hannu, aka kafa danja a shataletale, ni kuma aka mayar da ni ƙofar makaranta. Wata takwas ke nan ba a bugi ko da jakar ɗalibi ba. Auta ta gargaɗe ni kada in ce hatsari ya ƙare, in ce ya ragu. To, ya ragu.

Saboda haka ina roƙon hukuma ta saurari lissafi ko da ya taɓa na gida. Ina roƙon malamai su riƙa yi mana bayani da safiya goma, yadda za mu gane. Ku kuma direbobi, danjar shataletale ba ta da iyali, kada ku tsaya gaishe ta. Ku adana gaisuwar ku kawo mini ƙofar makaranta, zan amsa dalla-dalla. Yarinyar nan mai sanda ita ce ta ƙarshen tsallakawa kullum, kuma hannuna ba ya sauka sai ƙafarta ta taka ɗaya gefen. Wanda ya gaji da jira, ya ba ni labarin ƙafar tsohuwarsa.

Allah ya tsare masu tuƙi da masu tsallakawa, ya yi wa 'ya'yanmu albarka har da masu tona mana asiri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.