Layukan Fensir a Bakin Ƙofa

A ɗakin jira na wani gareji a birnin Toledo na Amurka aka sako tsohuwar waƙar nan mai kiɗan jita a rediyo, ta yaron da ya girma ya bar gida. Wani dattijo ya juya wurin matar da ke kusa da shi.

"Baiwar Allah, kin san waƙar nan?"

"Da ita muka yi rawar gama sakandare."

"To warware mini. Shekara arba'in baitin ƙarshe ya gagare ni. Duk shekara uwar tana tsayar da yaron a bakin ƙofar kicin, ta ja layi da fensir daidai tsayinsa. Yana tafiya sai ta shafe da fenti. Me ya yi mata da zafi haka?"

"Wa ya ce fushi ta yi?"

"To mene ne? Ni ma da na bar gida, tsohuwata ta shafe nawa. Ban taɓa tambayarta ba."

"Gidan aka sa a kasuwa. Dillali ba ya nuna gida da zane a bango."

"Ai mawaƙin bai faɗi haka ba. Ke ina kika sani?"

Matar ta dubi farcenta, da sauran farin fenti a jiki.

"Sau uku na shafa ranar Asabar. Har yanzu ana ganin na ɗana Curtis."

Dattijon ya jima yana kallon rediyon.

"Namu gidan ma a shekarar da na tafi aka sayar," in ji shi.