Nanaye tamu ce tun a dandalin Kuyello

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Hajara ce daga Birnin Gwari.

Jikata ta ce waƙoƙin soyayyar da take ji a waya sunansu nanaye, wai ban san su ba. Kalmar ai tamu ce. A dandalin Kuyello da ita muke amshi wajen gaɗa, yarinya ta faɗo da baya, ƙawaye su cafe ta. Ranar da na hango wani saurayi yana kallona, na faɗo ba su shirya ba, sai ga ni a ƙasa. Shi ne kakanta.

Yanzu yana can gona, hanyar kuwa kun san halinta da 'yan bindiga. Yana jin shirin nan. Ku ce masa ya dawo lafiya, don in na faɗi yanzu, ba mai cafe ni sai shi.