Rigar Damisa

Halimatu: Alo? Yaya Abdurrazak? Halimatu Sa'adiya ce, daga Dakoro.

Abdurrazak: A'a, ƙanwata! Ina wuni, mu nan Ohio sahiya ce. Ya gida, ya Goggo?

Halimatu: Lahiya lau. Ya sanyi, ya tuƙin mota?

Abdurrazak: Mun gode Allah. Ya bisashe? Maigidanki Mutari fa, ya yi waya daga Aljeriya?

Halimatu: Wata biyar ke nan, shiru. Yaya, ka ga hoton da na aiko ma?

Abdurrazak: Mi kika ce? Rezo na yankewa.

Halimatu: Hoto! Na riga!

Abdurrazak: Oho, na gani, har na yi dariya. Rigar 'yan Cincinnati ce, masu ƙwallon nan ta Amirka da ake runguma a ruga da ita. Ina kika samo ta?

Halimatu: Jandarmomi suka aiko ma maigari. Gawa aka tsinta cikin rairai, kusa da iyaka. Ba takarda, huska ba ta ganuwa. Sun rufe shi can. Rigar kaɗai suka ɗauka hoto.

Abdurrazak: Innalillahi!

Halimatu: Da irinta Mutari ya hita, mai kan damisa. Masu agaji suka raba a ƙauyenmu, Bader Goula. Mutum bakwai suka samu, Goggo ta bi gida gida, shida suna nan da rigunansu. Malam ya ce kar in shiga takaba sai an tabbata. Shi ne na ce kai kake can, ka sani. Ai rigar balo ce, ta 'yan ƙwallo, ko? Ta cika kasuwar bosho ta 'yan gwanjo, Agadez, Arlit, kowa na iya saye?

Abdurrazak: Halimatu...

Halimatu: Mushe, malamin makaranta, ya karanta mani, an rubuta su ne zakaru na 2022. Wanda ya ci kohi ai rigarshi ko'ina take.

Abdurrazak: Ba su ci ba.

Halimatu: Kamar ya ba su ci ba? Ga shi a rubuce!

Abdurrazak: Tun kahin wasan ƙarshe ake buga riguna na ɓangare biyu. Na wanda ya ci a kai kasuwa, na wanda ya faɗi ba a sayar da ko ɗaya, sai a ba masu agaji su hitar da su ƙasar. Los Angeles ta ci su, ashirin da uku da ashirin. Da idona na kalla.

Halimatu: To wata shekara fa? Ƙila sun taɓa ci, aka yi mai kama da ita.

Abdurrazak: Sau uku suna kaiwa ƙarshe. Tamanin da biyu, tamanin da tara, da wannan. Duka an kada su.

Halimatu: Ko sau ɗaya?

Abdurrazak: Ko sau ɗaya. Amma ji nan, ba Nijar kaɗai ake kaiwa ba. Kuma ƙila ya ba wani, kin san hannunshi a sake yake.

Halimatu: Ya ba wani, shi ya tahi da mi? Riga biyu gare shi, ɗayar ga ta nan a igiya.

Abdurrazak: Allah sarki, ƙanwata. Bari in tsaida mota gefen hanya.

Halimatu: Da sun ci, da rigar ta yi yawa, da yanzu ina da abin riƙewa. Nawa ka ce?

Abdurrazak: Ashirin da uku da ashirin.

Halimatu: Uku ke nan tsakani.

Abdurrazak: Uku.

Halimatu: Mutari ko sunan garin bai iya faɗi ba. Damisar kawai yake so, yana cewa makiyayi ya sa ta kura ta ji tsoro. Yaya, na gaji. Ba na iya kuka, ba na iya daina jira. Kiredina ya kusa ƙarewa, kai ne babba, ka faɗa mani, in shiga takaba ko in...

Abdurrazak: Alo? Halimatu? Alo!