Abin Ƙashi da Hankali

A ɗakin jira na sashen masu tarin fuka, wata mata ta ƙura wa ƙofar likita ido. Dattijon da ke gefenta ya gyara takunkuminsa.

"'Yata, ke ce marar lafiyar?"

"Maigidana ne, Baba. Tari ya lafa muna murna, sai ga ƙishirwa da yawan fitsari. Jiya ya kira ni da sunan mahaifiyarsa. Likita ya ce wai kalsiyam ne ya yi yawa a jininsa. Abin ƙashi, me ya haɗa shi da hankali?"

"Ki yarda da shi. Haka ya yi mini ina tsakiyar shan magani. Ruwa suka ƙara mini, suka hana ni ƙwayoyin ƙarin ƙarfi. Lokacin nan ɗiyata nake kira da sunan uwarta, wadda ta daɗe da rasuwa."

Matar ta ji sanyi a ranta. "Alhamdulillahi, ai ka warke."

"Na warke," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Sai dai ranar da na dawo hayyacina, ji na yi kamar a ranar ta rasu."