Jan Zani a Mashigin Panama

A gafarce ni da karambanin rubutu. Kunnena ne ya tsinto wannan a saman jirgin ruwanmu, muna shiga mashigin Panama.

"Kai dogo, matsa!" in ji wata tsohuwa riƙe da jan zani, tana magana da wani mutum da ya tare mata gaba. "Jikata Tamsin tana Hobart, tana jiran kyamarar gaɓar can ta nuno ni a intanet. Teku guda na ƙetaro don wannan!"

"Iya, tun asuba na kama wurin nan."

"Kai wa ke kallonka a gida?"

Mutumin ya ce, "Babu kowa."

"To kama bakin zanin, ɗaga sama! Yau ka yi jika."

Ya ɗaga har da ɗage, ihunsa ya fi nata: "Tamsin! Ga mu nan!"

Na sulale kafin su waiwayo.