Ranar da Baba ya ƙara muryar rediyo

Assalamu alaikum Malam, sannu da aiki.

Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba. Ranar Asabar ina riƙe da littafin soyayya, amma kunnena yana kan shirinku a rediyon Baba. Daktar nan ta jami'a da kuka gayyato tana bayanin yadda shigo da masarar waje ya karya farashin tamu. Da ta ce a Kutemeshi, nan yankinmu, aka haife ta, Baba ya ƙara murya, ya ce, "Kun ji 'yarmu! Ko minista dole ya saurara."

Wallahi har tsigar jikina ta tashi. Irin karatunta nake so, amma kunya ta hana ni gaya masa. Baba, na san kuna saurare. Malam, wane fanni zan nema?

Bari in ba Yaya Sani wasiƙar nan ya kawo muku, kafin in yage ta.

Hafsatu, Birnin Gwari