Shanun Yumɓu Sun Buɗe Bakin Dije

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu. Ni ce Talatu, maginiyar tukwane a Katagum, albishir na kawo!

Bara aka ba ni riƙon Dije, 'yar Fulanin da yaƙi ya koro daga wata ƙasar rainon Faransa. Tun zuwanta ba ta ce uffan ba. Mun ba ta rubutu, mun yi turare, shiru.

Ran Laraba ta ɗebi yumɓuna ta gina shanu bakwai. Na taso zan yi faɗa, sai ta nuna ɗaya ta ce, "Inna, ga jar saniyar Baffa, ita soja suka fara kamawa." Wallahi tukunya ta suɓuce mini!

Masu riƙon irin yaran nan, ku ba su yumɓu. A gaida mutanen Azare. In tukwanena sun yi ƙaranci ran kasuwa, shanu ne suka cinye yumɓun.